Guntun Kara

Karan zuƙa yana bakina Iteka ta buɗe nata bakin.

"Gwaggo, kun san 'yar wa kuka miƙa wa kara kuwa? 'Yar Batwa ce fa. Uwarta ce mai tallar tukwane a kasuwar Gitega."



Ranar ce saurayina Nduwayo ya kawo ni in gaida iyayensa. Malama ce, ya ce musu, bai ƙara ba. Iteka, 'yar maƙwabtansu da ta daɗe tana ɗaura wa kanta aure da shi a zuci, ita ta cike masa gurbin.

An karɓe ni yadda ake karɓar kowane baƙo: tukunyar kunun dawa a tsakiya, kara ɗaya yana zagawa baki zuwa baki. Mu ƙabilar Batwa, da ake ƙyamarmu, ba ma shiga wannan zagayen. Fasasshen ƙoƙo ake ba mu a bakin ƙofa, mu sha a tsugune.

"Karɓe karan nan a jefa a wuta," in ji mahaifiyar Nduwayo.

"A bar shi," in ji tsohon, mahaifinsa. "Bi da bi ne. Nduwayo ke kusa da ita. Shi ya kawo ta, shi ya san abin da ya kawo."

Na juya na kalli Nduwayo...

Wannan ne mutumin da yake hawa tudunmu cikin ruwan sama yana roƙon iyaye su saki yara su zo makaranta. Shi ya yi kuka ranar da na ba shi labarin yadda na gama firamare ni kaɗai a bencin baya, don ba ɗan da zai zauna kusa da ni. A taro kuwa in ya fara zancen 'yancin Batwa, har masu motoci daga birni tafa masa suke yi. Masara ɗaya muke gutsura a bayan aji, yana cewa, "Kaneza tawa, jinin kowa ja ne."

Ashe a bayan aji ne kawai.

Na miƙa masa karan. Ya karɓa. Ya dubi uwarsa, ya dube ni, ya dubi inda leɓena ya jiƙa.

Ƙas.

Ya karya bakin karan, ya yar, sannan ya sunkuya ya zuƙa.

Gidan ya sauke ajiyar zuciya. Iteka ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta na motsi. Ni kuwa ji na yi da ma marina ya yi.

Na tsinci guntun a ƙasa, na miƙe.

"Mama, na gode da karɓa. Sai dai ku duba wuyan tukunyar nan, za ku ga shatin farce. Uwata ce ta gina ta. Da yawunta take shafe bakin kowace tukunya kafin ta gasa. A sha lafiya."

Ban jira amsa ba.

Ranar Litinin Nduwayo ya tare ni a ƙofar aji, idanunsa jajur.

"Masoyiyata, ai na sha... Kin gani da idonki, na sha."

"Ka sha."

"Ki ba su lokaci. A hankali ake bi da tsofaffi. Ɗan bakin kara ne kawai fa."

Na kwance gefen zanena, na ɗora masa guntun a tafin hannu.

"To ga shi. Ka ajiye, shi ne rabonka a cikina."

"Kaneza..."

Na shige aji. Yaran tudunmu sun riga sun lallaɓa bencin baya, ba tare da kowa ya ce musu su je ba.

"Ku taso," na ce. "Ku dawo gaba."

Hawayen sai da na juya ga allo suka zubo.