Murhun Jan Ƙarfe na Malam Gwadabe

Ranar wata Asabar da hantsi, cikin watan Yuni na 2011, aka kira ofishin 'yan sanda na kudancin Jidda cewa an yi sata a wata warsha, wato shagon gyara, da ke unguwar Khumra. Da aka ji akwai Bahaushe a maganar, sai aka miƙa wa Sufeto Othman takardar, kamar yadda aka saba.

Shi haifaffen unguwar Hindawiyya ne a nan Jidda, jikan wata 'yar Haɗeja da ta zo hajji a ƙafa ba ta koma ba. Hausa kam yana jin ta sarai, amma in ya buɗe baki sai ta fito da ɗingishi, Larabci na tallafe da ita.

Warshar ta gyaran na'urar sanyaya ɗaki ce. Mai ita, Hamad, Balarabe mai tumbi da yawan magana, shi ya tare shi a bakin ƙofa.

"Me aka ɗauka?" in ji Sufeto.

"Murhun nukiliya."

Alƙalamin Sufeto ya tsaya cak.

"Na kwaikwayo ne, ya sheikh!" Hamad ya ɗaga hannuwa. "Da bututun jan ƙarfe ya haɗa shi. Ga mai shi can. Shekara ashirin da shida ina kafilinsa, ni na tsaya masa a takardun zama, ban taɓa ganin ya zauna lokacin aiki ba sai yau."

Wani dattijo siriri ne zaune kan bokitin da aka kife, ya zuba wa wani teburi ido. Babu komai a kan teburin.

"Sannu, Baba. Kai ne Malam Gwadabe? Faɗa min abin da ya ɓace, yadda zan gane shi."

Tsohon ya ɗago. Ana ce masa ya yi bayani sai idonsa ya kawo haske.

"Ranka ya daɗe, kowane murhun nukiliya aikinsa ɗaya ne: ya tafasa ruwa, tururi ya juya inji, a samu lantarki. Gardamar ƙasashe duk a kan mazubin ne. Amurkawa suka ce gandamemiyar tukunya ɗaya mai murfi. Ingila ta fara da mai iskar gas. Namu kuwa bututu ne ɗari da huɗu, a jere cikin randar ruwa mai nauyi. In ɗaya ya lalace, shi kaɗai za ka zare."

"Naku? Ku da wa?"

"A saba'in da huɗu Ingila ta ce shi ta zaɓa. Shekara na zagayowa aka tura ni can koyo. Shekara uku ina kansa, na san shi kamar yadda na san gidanmu a Gumel. A saba'in da takwas suka ce sun janye." Ya shafa teburin. "Na koma gida da takardar abin da ba wanda zai gina. Ofishin da aka ce zan yi aiki, allon suna ne kawai. Shi ne na zo hajji, na tsaya gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin nan."

"To na kwaikwayon fa, na mene ne?"

"Ba ka ji ba? Ƙasar nan ta ce za ta gina goma sha shida. Faransa na tallan nata, Koriya na tallan nata, ta ma riga ta ci kasuwar Imarat, ƙasar su Dubai. Kowa tukunya, tukunya! Ni so nake wani babba ya kalli nawa ko na minti biyar ne kafin su zaɓa. Shekara tara ina haɗa shi."

Sufeto ya tausaya masa, amma bai nuna ba. Ya zagaya warshar. Kwaɗon ƙofa lafiyarsa lau. A lungu ga tarin jan ƙarfe, ya fi wanda aka sace nauyi sau biyar, ko ɗaya ba a taɓa ba. Teburin kuwa an goge shi tas, an ninke ƙyallen rufa an ajiye a gefe.

"Wa ke da makulli?"

"Ni da shi," in ji Hamad. "Ka kama Adamou ɗan gwangwan, halas. Kullum yana leƙen jan ƙarfenmu."

"Jiya Juma'a, Baba, ina makullinka yake?"

"A aljihun rigar aiki, a gida. Ba na zuwa masallaci da shi."

"Wa ke gidan?"

Malam Gwadabe ya kau da kai. "Ni kaɗai nake zaune."

Kusa da ƙafarsa akwai kwanon abinci, an ɗaure shi da ɗankwali, ƙamshin miyar kuka na fita. Sufeto ya dubi ƙullin ɗaurin, ya dubi tsohon. Gwauro ba ya irin wannan ɗauri.

Bayan azahar Sufeto ya sami Adamou a filin gwangwan, yana kwance wani tsohon firji. Mutumin Maraɗi ne, baki kamar reza.

"Komisar, ni jiya ina masallaci tun kafin liman ya hau mumbari. Tambayi kowa."

"Motarka ma ta je masallacin?"

"Tana nan a ajiye."

Sufeto ya leƙa bayan a-kori-kurar. Ya ɗauko basilla da guntun zaren buhu, da wani ɗan bututu mai tsawon yatsa, an goge shi yana ƙyalli, an buga masa lamba 87.

"Tun yaushe ɗan gwangwan ke ɗinke jan ƙarfe cikin buhu? Ba awo kuke yi ku narka ba?"

Adamou ya cire hula ya sosa ƙeya.

"Bon. Dako na yi, wallahi dako kawai. An buɗe min ƙofa da makulli, muka ɗinke, na kai gidan kargo a Hindawiyya."

"Wa ya buɗe?"

"Komisar, shekara goma ina cin wainarta bashi babu, kyauta. Ka rufe ni in ka ga dama, bakina ba zai kira sunanta ba."

Ai kuwa ya riga ya faɗi abin da ake nema bai sani ba. Sufeto ya ce kada ya bar gari, ya shiga mota.

Gidan kargon wani dogon shago ne cike da buhuna har rufi. Mai shagon, Muntaka, ya kai shi gaban wani ƙaton ƙunshi da aka ɗinke da buhu biyu, an cusa tsofaffin zannuwa ta kowane lungu don kada ya bugu. Kusa da shi jarkar zamzam ce da kwalin dabino. A jikin ukun rubutu ɗaya ne da baƙin fenti: Zubaidatu Gwadabe, Gumel.

"Wa ya aiko?"

"Ba ta ba da suna ba, ranka ya daɗe, ni ma ban tambaya ba. Kayan kubri ne."

"Kayan kubri?"

"Wanda ba shi da iƙama, wato takardar zama, in ya gaji yana son gida, ai ƙarƙashin gada, wato kubri, yake zuwa ya zauna har a kwashe shi zuwa tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, a sa shi a jirgi. Can ba a shiga da kaya. Don haka sai ya turo kayansa su riga shi. Duk wanda ka ga ya haɗa zamzam da dabino ya ƙi faɗin suna, to ƙafarsa ɗaya na kubri."

"Yaushe zai tashi?"

"Jibi Litinin."

Sufeto ya tsaya yana kallon rubutun. Malam Gwadabe na da iƙama, ba ruwansa da kubri. Akwai dai wata a gidan da ba ta da ita.

Da la'asar Sufeto ya shiga unguwar Karantina cikin farar riga, ba kaki. A bakin lungun su Malam Gwadabe wata mata na suyar waina. Ya yi sallama, ya tambayi gidan.

"Ga shi can mai koriyar ƙofa," in ji ta. Sunanta Fatu. "Ka ci sa'a, ka zo ka ɗanɗani wainar sabuwar tanda. Rahamatu matar gidan ce ta ba ni shekaranjiya, da tukwanenta duka."

"Sayarwa ta yi?"

"Ina! Kyauta. Ta bi gida-gida tana cewa a yafe mata. Na ce Yaya, me kika yi mana? Sai kuka."

Sufeto ya san wannan yawon. Kakarsa ta yi shi sau biyu yana yaro, ta raba kwanukanta, ta nemi gafarar maƙwabta, ta ce bana za ta ga Haɗeja. Sau biyun tana kwance kayanta. A Jidda aka binne ta.

Malam Gwadabe ne ya buɗe ƙofa, yana ganinsa fuskarsa ta canza.

"Ranka ya daɗe, na ce maka ni kaɗai..."

"Bar shi ya shigo, Malam," wata murya ta ce daga ciki.

Ɗaki ɗaya ne da ɗan tsakar gida. Ƙusoshin bango duk babu komai a kansu. Wata dattijuwa na zaune kan tabarma, da mayafinta a jiki, da takalmanta a gabanta.

"Sannu, Khala," in ji Sufeto, yadda ake kiran inna da Larabci. "Faɗa min. Ina kike jiya lokacin Juma'a?"

"Ina nan, ina tsintar shinkafa."

"A wace tukunya za ki dafa ta? Na ga tukwanenki wajen Fatu."

Sufeto ya ajiye ɗan bututun mai lamba 87 a kan tabarma.

"Ɓarawon da ya share teburi, ya ninke ƙyalle, ya naɗe kayan sata da zannuwansa don kada su bugu. Khala, wace ce Zubaidatu?"

Malam Gwadabe ya jingina da bango. "Rahamatu? Ke?"

"Ni ce." Ba ta ɗaga murya ba. "'Yata ce, ɗan nan. Tana da shekara uku na bar ta wajen mahaifiyata, na zo umra, na ce sati biyu zan yi in taho da mijina. Shekara ashirin da uku ke nan. An yi mata aure a waya na ji guɗa. Ta haifi uku, ban san nauyin ko ɗaya a hannuna ba."

"Na ce miki bana za mu tafi," in ji tsohon.

"Ka ce bana, sai ga labarin goma sha shida a rediyo, ka ce mu jira su zaɓa. Da aka ce za a kunna wani ƙarami a Zariya ka ce mu jira, za a neme ka. Da aka ce Imarat, muka jira. Malam, Ingila da ta haifi abin nan ta haƙura da shi tun kafin a ɗaura mana aure. Ni ce ban da haƙuri?"

"Da kin faɗa min."

"Sau nawa? Na ce in na tafi ni kaɗai, ba za ka biyo ni ba, za ka ce sai an zaɓa. Amma in shi ya tafi, ko a ƙafa za ka bi shi." Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Ban fasa maka ko bututu ɗaya ba. Wannan ma a mota ya faɗi, na neme shi har na gaji."

Malam Gwadabe ya durƙusa ya ɗauki bututun.

"Ranka ya daɗe, na janye ƙara. Ba a yi min sata ba."

"Ƙarar sata ta mutu in ka yafe, Baba. Amma sunanta ya shiga takarda, kuma ba ta da iƙama." Sufeto ya rage murya. "Ina iya cewa na zo ban same ta ba."

"Kul, ɗan nan," in ji Rahamatu, tana saka takalmi. "Ka hutar da ni zaman ƙarƙashin gada. Kira motarku."

Ya kira. Kafin mota ta iso, lungu ya cika da mata, Fatu na kuka da ludayi a hannu. Wata ma'aikaciya ta fito ta kama hannun Rahamatu.

Sufeto ya juya ga tsohon. "Saura kayan. Doka ta ce in dawo maka da su. Ko in dawo da su warsha gobe, ko in bar su su tashi Litinin. Zaɓi naka ne."

Shekara talatin da uku Malam Gwadabe na jiran wasu su zaɓa. Ya dubi bututun da ke tafin hannunsa, ya dubi matarsa da ke bakin mota, ko waiwaye ba ta yi ba.

"Bar shi ya tafi," ya ce. "Ka faɗa wa Hamad ya yi min takardar fita, ta har abada."

Ya ƙarasa wajen mota da sauri, ya danƙa mata bututun ta taga.

"Riƙe wannan. In babu shi murhun bai cika ba. Zan zo in saka shi da hannuna."

Ta ƙulle shi a bakin mayafi. Sannan ta leƙo ta dubi Sufeto.

"Ɗan nan, Hausarka ta Haɗeja ce, na ji ta. Daga Gumel ba nisa. Wa zan gaishe maka?"

Sufeto Othman ya buɗe baki. Ya lalubi sunan unguwa, ko na gida, ko na mutum ɗaya, bai samu ba.

"Ki gaishe da garin kawai, Khala," ya ce.

Direba ya ce yalla, mota ta ja.