Tsagar Tagar Hajiya Turai

A unguwar Madabo, cikin birnin Kano, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Sunan kakarta aka sa mata, shi ya sa kowa a gidan yake kiranta Ummi. Kakar kuwa, Hajiya Turai, "takwara" take ce mata.

Da damina ta gabato, mahaifin Ummi, Malam Isyaku, ya sa aka gyara ɗakin Hajiya. Wani magini mai suna Sabo ya zagaye tagar ɗakin ta waje da siraran allunan siminti. Aikin ya yi kyau. Abin da ya rage shi ne toshe 'yan tsagogin da ke tsakanin allunan da bango. Malam Isyaku ya ce wannan shi zai yi da kansa.

Ranar Asabar da safe ya fito da burushi da gam na toshe tsaga. Ya hau tsani ya gama na sama. Ummi tana ƙasa tana kallo.

"Baba, don Allah ka bar min na gefe. Hannuna zai kai," in ji ta.

"To, zo ki gani," in ji shi. "Da farko ki share ƙasar da ke cikin tsagar da burushi. Gam ba ya kama wuri mai datti. Sannan ki matsa shi ya shiga can ciki, ki shafe da yatsa."

"Na gane, Baba."

Ana cikin haka aka yi masa sallama a zaure. Ya miƙa mata burushin ya fita.

Ummi ta fara aiki a hankali. Ta gama tsaga ɗaya, ta gama ta biyu. Saura wata doguwa mai zurfi. Sai ga ƙawarta Rukayya ta leƙo.

"Ke, an fara 'yar gala-gala a gidanmu! Ke kaɗai ake jira."

Ummi ta dubi tsagar. Cike take da ƙasa da yanar gizo. Sai ta yago takarda daga wani tsohon littafi, ta nannaɗe, ta cusa a ciki. Ta shafa gam kaɗan a kai. Ba burushi, ba shara. Daga waje sai ka ce ƙwararre ne ya yi. Ta wanke hannu ta bi Rukayya da gudu.

Da Baba ya dawo ya duba, ya ce, "Madalla, Ummi! Allah ya yi miki albarka."

Ummi ta ce amin, amma ba ta iya ɗaga kai ba.

Ranar Laraba bayan la'asar aka yi ruwan farko, mai ƙarfi, haɗe da iska. Da ya ɗauke, sai aka ji Hajiya tana salati a ɗaki. Kowa ya ruga.

Ruwa ya bi ta gefen taga ya gangaro bango. A kan teburin da ke ƙarƙashin tagar akwai hoton marigayi Alhaji Abdulhakeem, kakan Ummi. Shi kaɗai ne hotonsa da ya rage a gidan. Ruwa ya shiga cikin gilashin, gefe guda ya jiƙe sharkaf.

Hajiya ta riƙe hoton tana goge shi da bakin mayafinta. Ba ta yi faɗa ba.

Ran Malam Isyaku ya ɓaci. "Aikin Sabo ne wannan. Bai kafa allon daidai ba. Bari in je Ƙofar Mazugal in same shi. Ba zan ƙara ba shi aiki ba."

Ya fara sa takalmi. Ummi ta dube shi. Ta tuna yadda Sabo ya wuni a rana yana awo. Yanzu za a ɗora masa laifin da bai yi ba.

"Baba," ta ce da 'yar ƙaramar murya, "ba shi ba ne. Ni ce."

Ta ja hannunsa zuwa bayan taga. Gam ɗin ya ɓalle. Ta sa yatsa ta zaro jiƙaƙƙiyar takardar, hawaye na zubo mata.

Baba ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya cire takalminsa.

"Kin yi kuskure biyu," in ji shi. "Kin yi ha'inci, kuma kin karɓi yabo kin yi shiru. Amma yau kin hana ni zaluntar bawan Allah. Je ki ba Hajiya haƙuri."

Ummi ta durƙusa gaban kakarta. "Hajiya, ki yafe min."

"Tashi, takwara, na yafe," in ji Hajiya. "Duba, fuskarsa ba ta taɓu ba. Babbar rigar ce kawai ta sha ruwa."

Baba ya kai hoton wurin mai hoto, aka wanko sababbi har guda biyu. Da bango ya bushe, Ummi ta sake aikin. Ta share tsagar tas. Ta matsa gam har ya cika, ta shafe da yatsa. Ya ɗauke ta kusan awa guda, amma ba ta gaji ba.

Bayan kwana huɗu aka sake ruwa. Ummi ta zauna kusa da Hajiya, tafin hannunta a jikin bango. Har ruwan ya ɗauke, ko ɗigo bai shigo ba.

Daga ranar Ummi ta gane cewa aiki ba don idon mutane ake yin sa ba. Inda ba a gani ma sai an gyara. Idan kuma an yi kuskure, a faɗi gaskiya da wuri, kafin laifin ya faɗa kan wani.