Manomin da Ke Ɓoye Riɗinsa

A can wani ƙauye a hayin kogi, an yi wani manomin riɗi mai tsoron bakin mutane. Ba ya son a san abin da ya noma, don haka shi kaɗai yake kai buhunsa kasuwa.

Mai amalanke ya ɗebi ladansa a cikin riɗin. Mai kwalekwale ya ɗebi nasa. Dillali ma ya ɗebi la'ada. Kafin a sayar, buhu ya rame.

Wata shekara da kaka, tsohuwa maƙwabciyarsa ta leƙo ta ce, "Malam, buhu nawa ka samu bana? Muna so mu haɗa kaya mu kai kasuwa tare."

Ya duba hagu da dama. Can ya ce, "Ɗaya ne, Inna."

"Nawa ma rabi ne," in ji ta, tana dariya.

Shi da maƙwabta suka ɗauki amalanke ɗaya, suka raba ladan. Suka shiga kwalekwale ɗaya, suka raba ladan. Dillali ya ga kaya da yawa, ya rage la'ada.

Manomi ya koma gida har da atamfar da ya sayo wa matarsa. Baki bai kama shi ba. Bayansa ne dai ya yi tsami, don bai saba sauke cikakken buhu a kasuwa ba.