Kaset ɗin Bikin Nana Hadiza

Washegarin sa ranar auren Surayya, Gwaggo Yahanasu ta jawo tsohon akwatinta daga ƙarƙashin gado, ta zaro wani abu naɗe cikin ɗankwali.

"Zo nan, 'yar nan. Kaset ɗin bikin uwarki ne."

Surayya ta karɓa. Tana da shekara huɗu mahaifiyarta Nana Hadiza ta rasu, Gwaggo ce, ƙanwar mahaifinta Malam Abdulmumin, ta raine ta a gidansu na Kurfi. Hoto ɗaya ta sani na mahaifiyar, shi ma ya koɗe. Muryarta kuwa ko kaɗan ba ta tunawa.

"Gwaggo, ai Maniru yana da bidiyo mai aiki! Zai juye mana a fulashi."

"Wannan mai cusa nama cikin burodi?"

"Boga ake cewa, Gwaggo."

"Ko ma mene ne. Ki sani har da kamu a ciki, taron mata zalla, ko mayafi babu a kanta. Malam bai taɓa yarda wani namiji ya gani ba."

Maniru, wanda za ta aura, shi da yayansa Usaini suke da wani gidan cin abinci mai suna Zauren Tuna Baya a Dutsin-Ma. Sun ƙawata wurin da fitilun ƙwai, kwanukan samira da tsohuwar rediyo, duk Asabar bayan la'asar kuma su saki labule su haska wa ɗaliban jami'a tsofaffin fina-finai a bango. Da ya zo zance ta ba shi kaset ɗin, ya dafa ƙirji.

"Amana ce, Surayya. Zan kashe talabijin kafin in juye, ni kaina ba zan kalla ba."

Ranar Asabar ita da Gwaggo suka shiga mota zuwa karɓowa. Maniru ba ya nan, ya tafi Makera sayen nama. Tun daga ƙofa ƙaurin man da aka soya aka sake soyawa ya tare su, ga shewa kamar ana kallon ƙwallo. Surayya ta ɗaga labule.

A bango, wata yarinya ce zaune kan tabarma, hannuwanta jajur da lalle, gashinta a buɗe, tana rufe fuska tana dariya. Ba sai an gaya mata ba. Mahaifiyarta ce: haƙoran irin nata, goshin irin nata.

"Ku kalli hoda!" Usaini ne riƙe da makirfo. "Amaryar dauri ke nan, orijinal! Wa zai biya sadaki?"

Aka kwashe da dariya. Wani saurayi ya buɗe baki cike da nama yana fito, jan tumatir na gangarowa gemunsa. Wata ta lashe yatsu ta nuna bangon da su. Wayoyi a sama, ana ɗauka. Bakin Nana Hadiza yana motsi, tana magana, amma taunar mutane da ihunsu sun danne muryar.

Gwaggo ta ratsa tebura ta fizge wayar wuta daga bango.

"Tir! Tir da ku! Matar da ke kabarinta kuke ci da ita?"

"Yaya Usaini," in ji Surayya, "mahaifiyata ce."

"Oh, sori fa! A durowa na gan shi. Kwastomomi sun gaji da fina-finanmu, sun haddace su. Filis, kar ki ɗauka da zafi — ai talla na yi mata, kowa ya ce kyakkyawa ce."

Ba ta kai bakin titi ba ta durƙusa ta yi amai.

Malam Abdulmumin bai ɗaga murya ba da ya ji. Ya sa aka haɗa kayan sa rana aka mayar. Da yamma sai ga Hajiya Juwairiyya, mahaifiyar Maniru, ta shigo ko zama ba ta yi ba.

"Yanzu a kan tsohon kaset za ku fasa aure? Yaro ya yi wasa, sai a ce Maniru ya juya wa yayansa baya saboda mace? Ba a gidana ba!"

"Yaron da ya haura talatin?" in ji Gwaggo. "Hajiya, ga ƙofa."

Maniru ya zo washegari, ya tsuguna a zaure gaban Malam. Surayya tana jin su ta bayan ƙyaure, hawaye na zuba.

"Allah gafarta Malam, ban zo kare kaina ba. Ni aka ba amana, ni na ajiye ta inda hannu zai kai. Ga kaset ɗin, ga fulashin. Wallahi ban kalla ba."

"Waɗanda suka ɗauka a waya fa?"

Maniru ya ajiye kaset ɗin da fulashin a gaban Malam.

"Tashi ka tafi," in ji Malam.

Wata uku Surayya ba ta kira shi ba, shi ma bai kira ba.  Fulashin yana cikin akwatin Gwaggo, ta kasa kallo, domin da ta rufe ido bakin nan mai tauna take gani. Ƙawaye suka ce ta manta da shi, ta ce a'a, za ta jira abin da Allah zai yi, amma ba za ta saɓa wa mahaifinta ba.

Ranar wata Laraba Priscilla, mai soya nama a Zauren Tuna Baya, ta zo Kurfi takanas ta nemi ganin Malam.

"Baba, ni ba ruwana da maganar aure, abin da na gani zan faɗa. Oga Maniru ya bar wa Oga Usaini shagon da komai na ciki, Hajiya ko gaisuwarsa ba ta amsawa, amma kullum sai ya je ya gaishe ta. Ni na san waɗanda suka ɗauki bidiyon, su goma sha ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya ya bi su yana roƙo, sai sun goge a gabansa. Wani ya zage shi, wani ya sa shi jira a rana. Na ƙarshen ya tafi hutu garinsu Barkiya, jiya ya bi shi can a babur."

"Shi ya aiko ki?"

"Bai ma san na zo ba."

 Bayan ta tafi Malam ya shiga cikin gida, ya ce Gwaggo ta ɗauko fulashin. Su uku suka zauna, ƙofa a rufe, ba abinci, ba kowa. Nana Hadiza ta bayyana kan tabarmarta, ta sauke hannu daga fuska ta ce, "Don Allah Yahanasu ki bari, kunya nake ji!"

Surayya ta fashe da kuka. "Gwaggo, muryarta irin tawa ce!"

Malam ya share ido da gefen rawani. "A gaya wa yaron nan ya dawo da kayansa."

An ɗaura aure bayan ƙaramar Sallah. Zauren Tuna Baya bai kai damina ba, domin Priscilla ta bar aiki, labarin kaset ɗin kuma ya ƙazantar da wurin a idon mutane. Maniru ya buɗe nasa ƙaramin shagon, har Hajiya Juwairiyya ta sauko ta sa albarka.

Wanda aka ba amana ta zube a hannunsa, ba baki zai wanke shi ba, sai ya sunkuya ya tsince ta da kansa. Wadda ta jira ba tare da ta saɓa wa iyaye ba kuwa, ga shi ta samu mijinta, ta kuma ji muryar uwarta.