Muryarsa Tana Zuwa a Makare

"Kashe min abin nan!"

Muryar Abba ce ta cika falon. Auta ta tsaya riƙe da kwamfutar, a allon kuwa saurayinta Injiniya ya sandare, baki buɗe, ido ɗaya a rufe, kamar wanda aka ɗauka hoto yana tsakiyar hamma.

"Abba don Allah... netwok ne..."

"Netwok ne ya koya masa katse manya? Na tambaye shi yaushe zai turo magabatansa, ya zuba min ido kamar gunki. Da na gaji na ci gaba da magana, sai ga shi ya ɓarke da surutu a kaina!"

A daidai nan hoton ya motsa. Muryar Injiniya ta fito a kakkarye, tana amsa maganar da aka riga aka wuce: "...aiki... da godiya Abba..."

Abba ya miƙe, ya zura takalmansa.

"Kin ji ko? Ni ba zan ba da 'yata ga mutumin da ko hira ba a iya yi da shi ba."

Umma ta bi shi da kallo, sannan ta juyo kan Auta.

"Ni dama na faɗa miki. Miji a cikin akwati! Ga na gida nan muna ganinsa kullum, da ƙafafunsa yake zuwa gaishe mu."

Ta nuna baranda da haɓa. A can Dogo yake, abokin Yaya, ya miƙe ƙafa a kan kujera da tasa kwamfutar a cinya. Bai ɗago ba.

Auta ta rufe allon a hankali ta wuce ɗakinta. Ba ta yi kuka ba.

Ita malama ce, lissafi take koyarwa ta intanet, daga ɗan teburin da ke jikin tagarta. A shagon gyaran waya suka haɗu da Injiniya lokacin da ya zo hutu, ita tata ta faɗa ruwa, shi kuwa gilashin tasa ne ya tsage. Kafin hutun ya ƙare sun saba, sai ya koma aikin gina tashar jiragen ruwa a wata ƙasa mai nisa. Tun daga nan soyayyarsu ta koma cikin rautar gidan, wannan farin akwatin mai 'yan fitilu da ke saman firij.

Lokacin tashinsa daga aiki shi ne yammarta. Yamma kuwa ita ce lokacin da duk unguwar ke dawowa gida, kowa ya hau intanet, mai kallon ƙwallo da mai kallon fim da yara masu wasa.

Sun koyi zama da abin. In ta yi magana sai ta jira. In ya ba da labarin ban dariya, sai ya gama ya yi shiru kafin dariyarta ta isa gare shi. Wani lokacin su fara magana tare, su tsaya tare, kowa ya ce "faɗi naki", "a'a faɗi naka".

"Autata, kina jina?"

"Ina jinka, Nawa."

"Na ce na yi kewar..."

Sai hoton ya tsaya. Ita ke ƙarasa masa sauran a zuciyarta.

Washegarin abin da ya faru a falo ta kira kamfanin intanet ɗin. Wata mata ce ta ɗauka, mai sanyin murya.

"Da yamma dole ki ga ɗan nauyi, 'yar'uwa, layin unguwarku ɗaya ne, kowa a kansa yake. Amma yadda kike faɗan nan ya wuce cunkoson unguwa. A gidanku akwai mai tura manyan bidiyoyi?"

"Me ya haɗa wannan da kirana?"

"Ƙofar fita ɗaya ce, kuma 'yar ƙarama ce. In wani ya cika ta da kaya, muryarki sai ta bi layi a bayansu. Kafin ta fita, wancan ya gaji da jira."

Auta ta yi godiya ta ajiye wayar.

Sana'ar Dogo ɗaukar bidiyo ce, na taro da na talla. Yaya ne ya ba shi lambar sirrin waifai ɗin gidan tun bara, don nasa ba ya da ƙarfi. Da can da rana yake zuwa. Ta zauna tana tunani, sai ta ga ai tun da ya fara kawo wa Umma tsaraba yana tambayar "ina ƙanwata", zuwan nasa ya koma yamma.

Da yammar ta jira har wayarta ta yi ƙara, kiran Injiniya ya shigo. Maimakon ta ɗauka, sai ta fito baranda ta tsaya a bayan kujerarsa. Tana kallo ya jawo bidiyoyi jingim ya danna turawa, duka a lokaci guda.

"Aiki ake yi, Yaya Dogo?"

Ya zabura, ya kai hannu zai rufe, sai ya fasa.

"Aiki ne mana, ƙanwata."

"Wannan na taron makaranta ba tun wancan watan ka ce ka miƙa musu ba?"

Ya yi murmushi. Ko kunya bai ji ba.

"To an kama ni. Sai me? Auta, wanda yake sonki da gaske ba ta allo zai zo ba. Ni ina nan. In kin yi ciwon kai ni zan sayo magani, ba shi ba."

"Har ranar da yake magana da Abba?"

"Musamman ranar."

Yaya yana bakin ƙofa riƙe da kofin shayi, ya ji komai. Ya ajiye kofin a kan taga.

"Dogo, tattara kayanka."

"Haba abokina..."

"A gidanmu? Da intanet ɗinmu? Tashi ka fita kafin in manta mun yi makaranta tare!"

A ranar Yaya ya canza lambar sirrin. Umma ta yi ta salati, tana cewa ita ta ɗauka yaron mai hankali ne.

Auta ba ta tsaya nan ba. Ta je kasuwa ta sayo doguwar wayar kebul, ta jona ta daga rautar, ta bi da ita ta jikin bango har teburinta. Ta tura wa Injiniya saƙo cewa ranar hutunsa za ta kira da safe, lokacin da unguwa ta watse.

Da ranar ta zo ta kira shi, ba ta taɓa ganinsa tar haka ba tun tafiyarsa. Ga ɗan tabon girarsa, ga hular aikinsa rataye a ƙusa. Har ƙarar fankar ɗakinsa tana ji.

"Autata! Yau kamar in miƙo hannu in taɓa ki."

Ta yi dariya, ya yi tare da ita, a lokaci ɗaya. Ta ba shi labarin Dogo, ya yi ta girgiza kai yana cewa lallai mutum abin tsoro ne.

"To yanzu hanya ta buɗe, Nawa. Abba zai sauko, na san shi. Yaushe za ka turo?"

Shiru.

Ta saba, sai ta jira. Ta duba kebul ɗin, yana nan daram. Ta mayar da ido kan allon. Labulen da ke bayansa yana kaɗawa. Idanunsa suna ƙiftawa.

"Nawa... kana jina?"

"Ina jinki."

"To?"

Ya shafa fuska da hannu biyu.

"Sun sabunta min kwangila, Auta. Na sa hannu. Kuma Mama... Mama ta ce ba za ta yarda in ajiye mata a gida ina can ba, nan kuma ba a ba mu izinin kawo iyali."

"Yaushe ka sa hannun?"

"An ɗan kwana biyu."

"Kafin ka yi magana da Abba, ko bayan nan?"

"...Kafin."

"Ke nan ka ji tambayarsa."

"Na ji."

Ta gyaɗa kai. Abin mamaki, ba ta ji zafin da ta zata ba.

"Ina sonki, wallahi ina sonki. Ki ba ni lokaci, zan shawo kan Mama..."

"Har yaushe?"

Ya sake yin shiru. Wannan karon ba ta duba komai ba.

"Allah ya ba da sa'ar aiki, Injiniya."

"Autata, tsaya..."

Ta kashe.

Ta jima a zaune tana kallon fuskarta a baƙin allon. Can aka ƙwanƙwasa ƙofa. Abba ne, wanda rabonsa da shiga ɗakinta har ta manta. Ya tsallake kebul ɗin a hankali, ya tsaya yana gyara zaman tabaraunsa.

"Yayanki ya yi min bayani. Ashe ba laifin yaron nan ba ne, ni na yi gaggawa." Ya yi gyaran murya. "Kira min shi in ba shi haƙuri, sai mu tsayar da magana."

Auta ta ɗago ta dube shi. Har sabuwar riga ya saka.

"Abba, ka bar shi kawai."

"Fushi ya yi?"

"A'a. Ba zai turo ba ne."

Abba ya waiga yana neman wurin zama. Babu, sai gefen gado. Nan ya zauna kusa da ita, ya ɗora tafinsa a kanta kamar lokacin tana ƙarama.

Sai a sannan ta yi kuka.