Ɗakin da Ba Ya Son Motsi

Mufida ta fara ganinsa ne durƙushe a sabon ginin da ke bayan injin niƙan mahaifinta a Jega, ya ajiye kwanon ruwa a ƙasa ya tsura masa ido kamar mai duba.

"Malam, mi kake nema cikin ruwa?"

Ya ɗago, idonsa ya sauka a kanta. Da ƙyar ya ce sunansa Waliyyu, daga Aliero. Wai na'ura za a kawo, madubin lantarki mai nuna ƙwayar cutar da ido bai taɓa gani ba, masu bincike na Jega da Aliero da Maiyama su riƙa amfani da ita tare. Sai dai ba ta son motsi. In ƙasa na rawa, wata jiha za a kai ta, shi ma ya bi ta.

Ruwan kuwa rawa yake, saboda injin Malam Kalilu, mahaifinta.

Kafin wata ya ƙare, mai auna ƙasa ya koma auna hanyar gidansu. Har saƙo ya turo mata: "Fidata, yau ma ruwan ya girgiza, amma bai kai zuciyata ba da kika wuce."

Ta karanta ya fi a ƙirga, tana mafarkin wata duniya ƙarama da zai nuna mata.

Da maganar neman aurenta ta isa ga Malam Kalilu, sai ya yi tsalle ya dire. "Wanga yaro injina yaka so in kashe, ba ɗiyata yaka so ba! Ga Shamsuddeen mai albasa nan na neman ta, shi bai ce in bar sana'ata ba."

Maganar ta soki Mufida. Ta rubuta masa: "Ashe shirun injin Baba kake zawarci?" Ta kashe waya, ta sha kuka.

Waliyyu bai yi musu ta waya ba. Ya zo da kansa ya durƙusa gaban dattijon.

"Baba, kada a taɓa injin. A kai na'urar inda za a kai ta, ni zan ajiye aikin. Mufida nake roƙo."

Malam Kalilu ya dube shi. Sannan a hankali ya ce, "Uwarta ta rasu ba a gano ciwonta ba. Abin nan naku yana ganin irinsa?"

"Ba zan yi maka alkawari ba, Baba. Amma wata uwar za ta iya tsira."

Ranar da masu kawo na'urar suka zo gwada ƙasa, unguwar ta wayi gari tsit. Tun bayan asuba dattijon ya sa an kwance injin da ya ci da iyalinsa shekara da shekaru, aka ɗora a amalanke zuwa wani fili can bakin kasuwa. Mufida na tsaye a zaure tana hawaye, ba ta san na murna ba ne ko na tausayin Baba.

Bayan an kwashe albasa aka ɗaura aure. Da za a kai amarya, Malam Kalilu ya riƙe hannun ango.

"Na matsa ma na'urarka, ga ɗiyata kuma na ba ka. Ita ma ba ta son a girgiza ta. Allah shi yi maku albarka."