Layin Dogon da ke Cikin Taswira

Kwana uku ina yawo da tsohuwar taswira ina neman layin dogon da ta nuna, don shugabana a ofishin safiyo ya ce kar in dawo ban auna shi ba. Taswira ta ce ga tasha, ga gada. Ni ban ga komai ba sai ciyawa da taɓo.

Bayan magariba na sake kafa na'urar awo, raina a ɓace. Sai ga wani tsoho da fitila.

"Ɗana, kau da kayanka daga kan layi," in ji shi.

"Wane layi, Baba? Ƙafata ta kumbura wajen nemansa. An kwashe ƙarafan tun ba a haife ni ba."

"Ni dai na faɗa maka."

Na ja tsaki. Ya wuce ta cikin taɓon, amma ƙarar tsakuwa nake ji a ƙarƙashin ƙafarsa, kuma bai bar sawu ba.

Babu iska, amma ƙafafun na'urar suka fara rawa. Warin hayaƙin kwal ya cika mini hanci. Sai haske ya taso daga bayana, inuwata ta miƙe doguwa a gabana.